Yana bin ɗigo tsaf, amma in aka ba shi farar takarda sai ya tsaya

Maman_Abba_Zariya: Assalamu alaikum, iyaye da malaman wannan zaure. Ina neman shawararku a kan ɗana na uku, wanda ya cika shekara biyar da wata huɗu, kuma muke fatan sa shi ajin CI, wato ajin farko na firamare, idan an koma lakwal (makarantar boko) a watan Oktoba. Na so ya shiga aji yana iya rubuta sunansa, sai na je wurin masu fotokofi na kusa da Babbar Kasuwa aka buga mani sunan da ɗigo-ɗigo, layi goma a kowane shafi, har shafi ashirin. Mako uku ke nan kullum bayan la'asar yana bin ɗigon da kiriyon, kuma hannunsa ba ya kaucewa, wanda duk ya ga takardar zai ɗauka ɗan CP, wato aji biyu, ne ya rubuta. Amma jiya da na ba shi farar takarda na ce ya rubuta da kansa, sai ya zuba mani ido, can ya zana wani abu mai kama da ƙugiya ya ajiye kiriyon. Mahaifinsa ya ce in rabu da shi, aikin mushe ne, wato malamin lakwal. Uwar mijina kuma ta ce allo ya kamata ya riƙe tukuna. Shin bin ɗigon ne ba shi da amfani, ko ni ce ban iya koyarwa ba?

Mushe_Ritaya: Wa alaikumus salam, ƴata. Na riƙe ajin CI shekaru masu yawa, a Gidan Rumji da nan cikin garin Maraɗi, kuma abin da kika gani na gan shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Yaron da ke bin ɗigo idonsa yana kan ɗigo na gaba ne kawai, kamar mai tsallaka ruwan lungu a kan duwatsu bayan an ɗauke ruwan sama: inda zai sa ƙafa yake duba, ba ya ganin lungun. Yana iya cika shafi ashirin bai taɓa ganin harafin a matsayin abu guda mai kai da ciki da ƙafa ba. Bin ɗigo yana horar da yatsu, ba ya horar da tunani, saboda haka ba laifinki ba ne, kin dai daɗe a mataki ɗaya. Ki rage layukan nan goma su koma biyu. Bayan ya bi su, ki rubuta harafi ɗaya a gabansa yana kallon inda hannunki ya fara da inda ya ƙare, ya kwaikwaya a gefe ba tare da ɗigo ba, sannan ki rufe naki da tafin hannu ki ce ya sake. Abin da zai fito zai yi muni ƙwarai idan aka gwada da takardun da kika ajiye, amma shi ne rubutunsa na farko.

Hajiya_Bagalam: Ni dai ina bayan mahaifinsa. Ƴaƴana shida sun yi lakwal, babu wanda na taɓa riƙe wa kiriyon, kuma huɗu daga cikinsu sun wuce BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Yaro ɗan shekara biyar wasan ƙasa ya kamata ya yi. Matan yanzu kuna son yaro ya yi gudu tun bai iya rarrafe ba.

Madam_Jardan: Hajiya, wasan ƙasar da kika ambata shi ne ma maganin. Ina koyar da yara ƴan shekara huɗu zuwa biyar, kuma ba mu fara da takarda ko kaɗan. Muna zuba rairayi a faifai ko tire, yaro ya zana da yatsa, ya girgiza ya share, ya sake, babu wanda zai ce masa ya ɓata shafi. Wata likita ƴar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta riƙa yanka haruffa daga takarda mai kaushi irin ta goge katako, yara su shafa su da yatsa kafin su taɓa alƙalami, kuma har yau makarantu da yawa a duniya suna bin wannan hanya. Mu a Maraɗi rairayi bai taɓa yi mana wuya ba. Akwai kuma abin da nake so Maman Abba ta gwada a yau: ta zana masa da'ira, da gicciye, da murabba'i, da alwatika, ta ce ya kwaikwaya. Yawanci yaro yakan iya da'ira wajen shekara uku, gicciye wajen huɗu, alwatika kuwa sai wajen biyar ko sama da haka, domin layi mai karkata ya fi wuya. Idan ya iya waɗannan, hannunsa ya isa rubutu, matsalar tana wani wuri ne daban.

Maman_Abba_Zariya: Madam, na gwada yanzu. Ya yi su duka, alwatikar ce kawai ta ɗan buɗe baki a sama.

Malamin_Zaure_Limanci: Tun da an ambaci allo, bari in ce wani abu, domin kada a ɗauka kakar yaron ta yi magana ne don jahilci. A wurinmu yaro ba ya fara da rubutu. Malam ne yake rubuta masa babbaƙu a allo, yana nunawa da yatsa yana faɗin sunan kowanne, alu, ba guje, lam ara, har sai ya gane su ko an juya masa su, sannan a shiga farfaru. Yaro yakan yi wanki da yawa kafin a ba shi alƙalami da tawada. Idan lokacin ya yi, ni kaina nakan ja masa harafin da tawada mai ruwa-ruwa wadda da kyar ake ganinta, ya bi kai da tasa. To, bin sawu ba baƙon abu ba ne, mun gaje shi. Bambancin shi ne, namu yaron ya riga ya san sunan abin da yake bi, bakinsa yana faɗa hannunsa yana ja. Tambayata ga uwar yaro ita ce: sa'ad da yake bin ɗigon nan, me bakinsa yake faɗa?

Ɗan_Tasawa: Allah ya gafarta Malam, tambayar da nake shirin yi ke nan ta wata fuska. Mun yi ta magana a kan suna, amma har yanzu ba a gaya mana sunan ba. Wanda ake kira Ali da wanda ake kira Abdourahamane ba aikinsu ɗaya ba, na farko harafi uku ne, na biyu goma sha uku. Na san Abba ba sunan yanka ba ne.

Maman_Abba_Zariya: Malam, gaskiya bakinsa ba ya faɗin komai, ni ma ba na faɗa. Sunan mahaifin mijina aka mayar masa, shi ya sa muke kiransa Abba, kuma tun da aka raɗa sunan ban taɓa furta shi ba. Tsohon yana raye, muna gida ɗaya, sashensa yana kallon nawa. Nakan ce masa ne kawai, zo ka yi rubutunka. Zan jera maku haruffan yadda suke a takardar haihuwa: C, h, a, ï, b, o, u.

Mushe_Ritaya: To, ga inda gizo yake saƙar. Ƴata, yaron nan mako uku yana zana abin da bai san mene ne ba. A wurinsa sunansa Abba, kuma babu wanda ya gaya masa cewa waɗannan ƙugiyoyi bakwai shi suke kira. Wannan matsala tana jiran sa a aji ko da ba a yi zancen rubutu ba. Duk shekara ranar farko nakan kira suna sau uku aji ya yi tsit, sai wani yaro ɗan unguwarsu ya ce, Mushe ai Baba ne, ko ai Nana ce. Akwai yarinyar da na rubuta ba ta zo ba kwana huɗu a jere alhali tana zaune a benci na biyu, domin Ummi kaɗai ta sani. Kafin a koya wa yaro rubuta sunansa sai a fara koya masa amsa shi.

Inna_Mai_Ƙuli: Amma kada wani ya ce ta faɗi sunan surukinta da bakinta. Yarinyar nan ta nuna an yi mata tarbiyya, Allah ya yi mata albarka. Ba shi da yayye ne a gidan? Su su faɗa masa.

Zinariya_Sabon_Gari: Inna, ina girmama maganarki, amma ina ganin akwai wurin da alkunya take tsayawa. Idan yaron ya yi zazzaɓi ta kai shi asibiti aka tambaye ta sunansa, shiru za ta yi? Ni ma ɗiyata ta fari sunan uwar mijina gare ta, a gida Mama muke ce mata, amma idan muka zauna karatu a ɗaki ina faɗin sunan a hankali, gaɓa-gaɓa, domin a wannan lokacin ni malama ce. Ban ga na rage wa tsohuwa daraja ba, ita ma da ta ji dariya ta yi.

Inna_Mai_Ƙuli: Ɗiyata, taki surukar ta yi dariya, ba kowace za ta yi ba. A asibiti kuwa takarda ake miƙawa, mun yi haka shekara da shekaru kuma babu ɗan da ya ɓace.

Bakatsinen_Jibiya: Ku yi mani izini in shigo daga wancan gefen iyaka. Ni abin da ya tsaya mani shi ne rubutun kansa. Wannan suna a wurinmu Sha'aibu ko Shu'aibu ake rubutawa, kuma yaro yana jin sautin kowane harafi a bakinsa. Ku kuma kun ba shi C da h ku ce sha, kun ba shi o da u ku ce u, sannan ga ɗigo biyu a kan i. Ta yaya ɗan shekara biyar zai haɗa abin da kunnensa ya ji da abin da idonsa ya gani? Ɗan ƙanwata da ke Ɗan Isa yana rubuta Ousmane, ɗana yana rubuta Usman, kakansu ɗaya kuma sunansa suka ci su biyun. Me zai hana a fara koya masa da rubutun Hausa, wanda yake tafiya daidai da furuci, daga baya ya koyi na Faransanci?

Akawu_Mokoyo: Malam Bakatsine, shawararka tana da daɗin ji, amma ina roƙon Maman Abba kada ta bi ta. Abin da ke cikin takardar haihuwa shi za a koya wa yaro, harafi da harafi, har ɗigo biyun. Ni ganau ne. An rubuta ƙanena Mahamadou a takardar haihuwa, amma wanda ya yi masa rajista a ajin farko ya rubuta Mamadou, yaro ya tashi yana rubuta abin da ya gani a kan kayensa, wato littafinsa na rubutu, babu wanda ya lura shekara goma. Sai da aka zo haɗa takardun jarrabawar BEPC aka ce sunayen ba su dace ba. Na yi ta zirga-zirga tsakanin ofisoshi wajen wata biyu, wannan ya tura ni wurin wancan, na kashe jikkuna da ban shirya ba, kuma da kyar aka gyara kafin a rufe karɓar takardu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sunan da hannun yaro ya saba da shi yana ɗan shekara biyar shi zai sa a kan takardar jarrabawa yana ɗan sha shida.

Ɗalibi_UDDM: Ina karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, kuma wannan batu yana damuna ƙwarai. Baba Akawu ya yi gaskiya ta fuskar takarda, amma kada mu ɗauka rubutun Hausa abin wasa ne da ba shi da hukuma a bayansa. Tun taron Bamako na 1966 aka zauna a kan yadda za a rubuta harsunanmu da boko. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1999 gwamnati ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda a cikinta muke rubuta ƴ mai lanƙwasa inda ƴan'uwanmu na Najeriya suke sa alama kafin y. Sannan kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka har yau yaro mai suna Ɗahiru ba ya ganin ɗ a takardarsa, sai Dahirou, wanda ba haka uwarsa take kiransa ba. Ina ganin yaro yana iya riƙe biyun, a ce masa wannan na lakwal ne, wannan kuma yadda muke faɗa ne. Yaran da ke zuwa makarantar allo ai sun riga suna riƙe da rubutu biyu.

Hajiya_Bagalam: Yaron da bai iya ɗaya ba kuna neman ku ɗora masa uku. Ɗana ɗalibi, wannan muhawara taku ce ta jami'a, baiwar Allah ta tambaya ne a kan ɗigo.

Madam_Jardan: Hajiya ta maido mu hanya. Maman Abba, ina da tambaya a kan takardun da aka buga maki: da wane irin rubutu aka buga, manyan baƙaƙe ne ko ƙanana? Ina tambaya ne domin harafin a na kwamfuta, mai rumfa a kansa, ba shi ne a ɗin da ake rubutawa da hannu ba, kuma a CI rubutun haɗe za a koya masa, wanda haruffa suke riƙe da hannun juna. Idan ya saba da na kwamfuta zai zo ya sake sabon koyo. Mu manyan baƙaƙe muke farawa da su, domin yawancinsu sanduna ne da da'ira, babu wutsiya babu lanƙwasa mai yawa. Abu na biyu, ki daina ɗigo-ɗigo ɗin gaba ɗaya. Ki sayi alƙalami mai launin ɗorawa irin mai kauri, ki rubuta harafin cikakke da hannunki, babba kamar tsawon yatsanki, ya bi ta cikinsa. Ta haka yana ganin siffar harafin gaba ɗaya. Ki sa masa jan ɗigo guda a inda zai fara, domin yaron da aka bari shi kaɗai da takarda yakan fara harafi daga ƙasa ya hau sama, ko ya yi o ta hannun da bai dace ba, kuma a takarda ba za ki gane ba tun da sakamakon ya yi kyau. Gyara wannan daga baya ya fi koyarwar farko wuya.

Maman_Abba_Zariya: Madam, ƙananan baƙaƙe ne na kwamfuta, kuma a ɗin mai rumfa ne kamar yadda kika ce. Na koma na duba takardun sai na ga wani abin da ban lura da shi ba: ɗigo biyun nan na kan i, a kowane layi ya haɗa su da ɗan layi, ya ɗauka su ma na bi ne. Kuma gaskiya yawancin lokaci nakan ba shi takardar in tafi wurin girki.

Mai_Fotokofi_Sura_Bildi: Ni wannan sana'ata ce, kuma zan faɗi abin da zai rage mani ciniki. Shafi ashirin ɓarnar kuɗi ne. Shafi ɗaya ya isa, a sa shi cikin leda mai haske irin wadda ake adana takardun makaranta, yaro ya bi da alƙalamin da ake gogewa, a share da tsumma. Iyaye suna zuwa mani da wannan buƙata kullum idan hutu ya kusa ƙarewa, kuma ban taɓa tunanin zancen a mai rumfa ba sai yau. Daga yanzu zan riƙa tambaya.

Uwar_Tagwaye_Tibiri: Ku gafarce ni in raɓa tawa tambayar a nan, tun da matsalar kusan ɗaya ce. Hassana tana rubuta sunanta daidai, amma Usaina bahaguwa ce, kuma idan ta rubuta nata sai ta fara daga dama ta tafi hagu, kowane harafi a juye, sai an sa madubi ake karantawa. Kakarsu ta ce a ɗaure hannun hagun. Wani maƙwabci kuma ya ce allo ne ya rikita ta, tun da Larabci daga dama ake fara shi, wai in cire ta daga makarantar allo sai ta iya boko.

Malamin_Zaure_Limanci: Kada ki cire ta. Hassana ai allon ɗaya suke zuwa, me ya sa ita ba ta rikice ba? Game da hannu kuwa, abin da na sani an yi umurni da shi shi ne ci da sha da dama. Ina da almajirai bahagwai da suka rubuta allo mai kyau, sai dai nakan koya masu su karkata allon. Hasali ma rubutunmu ya fi yi wa bahago sauƙi, domin hannunsa yana gudun tawadar ne, ba ya bi ta kanta.

Madam_Jardan: Malam ya faɗi daidai. Juya haruffa abu ne da yara suke yi ko'ina, har waɗanda ba su taɓa ganin Larabci ba, kuma yawanci yakan wuce da kansa wajen shekara bakwai. Dalilinsa shi ne, duk abin da yaro ya sani a duniya, ko ka juya shi sunansa bai sake ba: buta buta ce ko bakinta yana dama ko yana hagu. Rubutu ne wuri na farko da juyi yake mayar da b ya zama d. Ki duba inda Usaina take ɗora alƙalami: idan ta fara daga gefen dama na takarda, babu inda za ta tafi sai hagu, sai haruffan su bi ta. Ki sa mata alama a kusurwar hagu ta sama. Hannun kuma kada a ɗaure, in ji ni.

Tsohon_Direba_Madarumfa: An ɗaure nawa ina yaro, da igiyar rama, a bayan benci. Yau shekarata ta haura sittin, ina rubutu da dama kamar kaza ta yi tonon ƙasa, amma sitiyari da gatari da komai da hagu nake riƙewa. Ban ga abin da aka ƙara mani ba.

Mushe_Ritaya: Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, a zamaninmu an yi irin wannan da yawa, kuma ba zan ce hannuna tsarkakakke ne ba. Bari in koma kan Abba. Akwai wurin da ban yarda da Madam ba. Ta ce manyan baƙaƙe, ni kuwa na sha wahala da yaran da suka zo daga jardan, wato ajin share fagen firamare, suna rubuta sunansu duka da manya, suna ganin sun iya, idan na ce ga rubutun haɗe sai su ƙi. Kayen da muke amfani da shi mai layukan Seyès ne, wanda muka gada daga Faransa, kowane babban layi an raba shi gida huɗu, tsakanin ƙaramin layi da ƙaramin layi milimita 2, kuma kowane harafi yana da adadin gidajen da zai hau ko ya sauka. Yaron da ya saba da haruffa masu tsawo ɗaya yakan sha wuya a cikinsu. Ni da za a bi tawa, C babba ɗaya, sauran ƙanana na hannu, tun daga farko. Amma kada a ba shi kaye mai layi yanzu, allon lakwal da alli sun ishe shi, kuma minti goma a rana ya wadatar, a tashi tun bai gaji ba.

Madam_Jardan: Mushe, kai malaminmu ne, amma a nan kowa ya riƙe nasa. Yaran da suka gagare ka a Oktoba, na tabbata kafin Janairu sun bi. Waɗanda nake tsoro su ne waɗanda aka ba abin da ya fi ƙarfin yatsunsu suka tsani kiriyon tun ba su shiga aji ba.

Akawu_Mokoyo: Manya ko ƙanana, ni dai a tabbata ɗigo biyun suna nan.

Maman_Abba_Zariya: Na gode maku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da ya faru cikin kwana huɗun nan. Na bi shawarar Inna, na sa yayarsa mai shekara tara ta zauna da shi ta faɗa masa sunan. Ya ce ƙarya ne, wannan sunan Alhaji ne, ya tashi da gudu ya kai ƙara sashen tsohon. Ina daga ɗaki ina jin su. Alhaji bai yi boko ba, duk takardar hukuma da yatsa yake dangwala mata, amma ya yi allo mai zurfi. Ya ce masa gaskiya ne, suna ɗaya gare su, ya share ƙasa a ƙofar ɗakinsa ya rubuta da ajami da tsinke, sannan ya kira yayar ya ce ta rubuta na lakwal a ƙarƙashi. Tun ranar kullum bayan la'asar can yake tafiya, takarduna kuwa ko kallonsu ba ya yi. Yanzu yana rubuta haruffa uku na farko a ƙasa ba tare da ɗigo ba, na huɗun yana nan yana fama da shi. Sai dai C ɗin yana fuskantar hagu, kuma jiya na leƙa na ga ya fara daga dama kamar kakansa. Na gaya wa yayar zancen alama a kusurwar hagu, amma ba ni da bakin da zan ce wa Alhaji ya matsa gefe.

Bakatsinen_Jibiya: Wanne ya fi saurin kamawa, na ajamin ko na lakwal? Ina so in sani.

Hajiya_Bagalam: Wasan ƙasa dai na ce tun farko.

Mushe_Ritaya: Ƴata, kada ki ce wa Alhaji komai. Ki ba yayar dutse ɗan ƙarami ta ajiye a hagu duk lokacin da za a yi na lakwal, ta ce daga dutse ake tashi, na kakan kuma a bar shi yadda yake. Ki dawo mana bayan mako biyu da labarin C ɗin, kuma ki gaya mani wane a yayar take rubuta masa, mai rumfa ko na hannu.